Elhaji Na'Allah da Hannun Jarinsa Goma Sha Ɗaya

Dakoro ta haifi manyan mutane. Ta haifi malaman da ake tasowa daga nesa a ɗauki karatu a gabansu. Ta haifi dillalan shanu da ke duban bijimi sau ɗaya su faɗi shekarunsa da cutar da ya yi yana maraƙi. Amma kafin Elhaji Na'Allah ba ta taɓa haifar mutumin da ke da rabo a cikin rana ba. Ranar nan dai ta sama, wadda ke dukan kowa kyauta.

Elhaji ɗan kasuwar hatsi ne. Da kaka yakan sayi gero da wake a Sabon Maci, ya kulle sito, ya zauna yana jiran farashi ya hau. A fagen jira babu na biyunsa, kuma Allah bai taɓa jarrabarsa da tausayin mai saye ba.

Shekara uku da suka wuce ya tafi Yamai neman maganin ciwon gwiwa. Zafi ya kora shi cikin wani banki don ya sha sanyi, ma'aikacin da ya ga babbar riga ya ba shi kujera, ya yi masa bayanin hannun jari. Elhaji ya fito da takarda mai tambarin zinariya. Ya zama mai hannun jari goma sha ɗaya a Hantsi Enerji, kamfanin da ke kafa pano, allunan nan masu kama hasken rana su mai da shi wuta, wanda sunansa ke kan allon kasuwar hannun jari a Abijan. Hannun jarin kamfanin gaba ɗaya miliyan talatin ne. An faɗa wa Elhaji haka, sai dai lokacin hankalinsa na kan tambarin.

Ya dawo gida da ciwon gwiwarsa, amma tafiyarsa ta sake. Cikin mako guda aka kafa allo a ƙofar shagonsa, an rubuta da jan fenti: ELHAJI NA'ALLAH, AKSIYONER. Ya yi wa 'yan kasuwa bayani cewa aksiyoner shi ne mai kamfani, darekta kuwa ɗan aiki ne da ake biya a ƙarshen wata. Tun daga nan ake kiransa Aksiyoner. Waɗanda suka fi ladabi suna cewa Na-Abijan, ko da yake iyakar tafiyarsa kudu ita ce Jibiya.

Kowace safiya Mushe Halidu, tsohon malamin lakwal, makarantar boko inda ake ce wa malami Mushe, da ya yi ritaya, yakan zo shagon ya duba masa farashin hannun jarin a salula, shi kuma a ba shi shayi. In farashi ya hau da dala biyu, Elhaji ya gyara hula ya ce, "Mun yi aiki." In ya sauka, ya girgiza kai ya ce, "Yaran nan na Abijan sun fara sakaci. Zan yi musu magana."

Mutum ne mai zurfin tunani. Da tsakar rana, lokacin da kowa ke neman inuwa, yakan fito bakin shago ya ɗaga kai.

"Ku in kun ga rana sai ku ce zafi," in ji shi. "Ni in na gan ta sai in ce ma'aikaciya ta fito aiki. Ba ta makara, ba ta yajin aiki, ba ta da ɗan da za a yi wa suna. Wannan shi ne ilimin tattalin arziki, amma ba kowa Allah ya buɗa wa ba."

Bara da ruwa ya ɗauke aka fita roƙo, ya je, ya ɗaga hannu tare da jama'a. Na kusa da shi dai sun ji yana ƙarawa a hankali cewa in da hali, a riƙa saukarwa bayan rana ta tashi daga aiki.

Gidansa kuwa babu pano ko ɗaya. Gurup yake kunnawa, tsohon injin wuta mai shan man gazuwal, wanda in ya tashi maƙwabta sai sun ɗaga murya kafin su ji juna. Da aka yi masa maganar, ya ce mai kamfani ba ya cinye hajarsa, talakawa ake bar wa.

Kalmar da ya fi so a duniya ita ce burs. Haka ake kiran kasuwar hannun jari da Faransanci, haka kuma ake kiran kuɗin da gwamnati ke tallafa wa ɗalibai. Elhaji ya san ta farko, mutanen Dakoro sun san ta biyu. Da labari ya bazu cewa Elhaji ya shiga burs, wasu suka yi ta mamakin jami'ar da ta ɗauke shi a shekarunsa. Wasu suka kawo takardun 'ya'yansu. Ya karɓa duka, ya ce za a duba. Suna nan a sito, kan buhunan wake, ana dubawa.

Kamfanin na da ma'aikaci guda a Dakoro, Nafi'u, magidanci mai 'ya'ya uku, da babur ɗinsa da jakar kayan gyara. Shi ke kula da duk wani pano da kamfanin ya kafa daga Birnin Lalle har Korahane. Elhaji na kiransa "ma'aikacina". Nafi'u na amsawa da "Na'am, Baba", don Elhaji sa'an mahaifinsa ne, kuma amsawa ta fi bayani sauƙi. Sau biyu Elhaji yana ƙara masa albashi a gaban jama'a. Sau biyu Nafi'u yana godiya.

Da abin ya tsaya nan, da babu wanda ya cutu.

Cikin sanyin bana wata mata ta sauka a tasha ran kasuwa tana tambayar biron masu pano, wato ofishinsu. Sunanta Halimatu Sa'adiya, shugabar matan da ke noman lambu a wani ƙauye na Korahane. Su talatin da huɗu ne, kowace da fegin salati da tumatir da albasa, duk sun dogara da fanfo guda mai aiki da rana. Kwana biyu ke nan fanfon ya tsaya. Lambar da ke jikin akwatin injin rana ta cinye rabinta, ba a iya kira. 'Yan tasha, da kyakkyawar niyya, suka nuna mata allon jan fenti.

Ta durƙusa ta gaida Elhaji, ta aje kan kabeji biyu da ɗaurin zogale, ta faɗi abin da ya kawo ta. Elhaji ya saurara ido rufe, kamar yadda manya ke saurare.

"Baiwar Allah, kin taki sa'a," ya ce. "Wasu sai sun bi ta hannun mutum bakwai kafin maganarsu ta iso inda taki ta faro."

"Elhaji, an ce akwai wani mai gyara, Nafi'u. Ko za a haɗa ni da shi?"

"Nafi'u?" Elhaji ya buɗe ido. "Abin da ya riga ya hau teburin mai kamfani ba ya sauka wurin mai babur. In kika kai masa, kin ɓata takardar. Koma gida, ki ce kada wanda ya taɓa injin nan. Daga Abijan za a zo."

Ta yi godiya har sau uku. Ya sa aka kai kabejin cikin gida.

Washegari ya zaunar da Mushe Halidu da alƙalami.

"Rubuta. Zuwa ga darektan kamfaninmu. Bayan gaisuwa, ban ji daɗin yadda kake riƙon amanar da muka damƙa maka ba."

Wasiƙar ta ci shafi uku. Ta ba da tarihin gidan Na'Allah tun daga kakansa mai fataucin gishiri. Ta kawo shawarar a buɗe babban biro a Dakoro, ta kuma ambaci wani fili da ya dace, wanda aka yi dace na Elhaji ne. A layin ƙarshe ta ce akwai wani fanfo da ya lalace.

"Elhaji, mu sa sunan ƙauyen," in ji Mushe Halidu.

"A'a. Bari su zo su tambaye ni."

A makonnin da suka biyo baya Elhaji ya haɗu da Nafi'u sau huɗu. Ya tambaye shi lafiyar iyali, ya yi masa faɗa kan tayar babur, bai ce masa komai game da fanfo ba. Maganar manya ce.

Can a Korahane matan suka koma tsohuwar rijiya mai gaba arba'in, da guga da jakuna biyu na aro. Salati ya fara tafiya. Tumatir ya bi shi. Halimatu Sa'adiya ta sake zuwa da ɗan zogale, aka ce mata takarda na hanya. Zuwanta na uku hannu sake ta zo, tafukanta duk igiya ta tsattsage su. Elhaji ya lura da rashin zogalen, ya ce wa Mushe Halidu mutanen ƙauye ba su da ɗorewa.

Rana ta ashirin da uku direban motar Maradi ya kawo ambulan daga banki. Mai kauri ne, da tambari biyu. Elhaji ya auna shi a tafin hannu kamar yadda yake auna wake, ya tabbatar da abin da ke ciki: amsar darekta ce, da neman gafara, wataƙila har da kujera a majalisar kamfani. Mushe Halidu ya miƙa hannu zai buɗe, Elhaji ya janye.

"Wannan ba takardar zaure ba ce, Mushe. Ta taro ce."

Aka ɗauko rumfar haya da kujeru sittin. Aka dafa shinkafa. Aka gayyato manyan 'yan kasuwa da limamin unguwa. Matan Korahane suka zo a amalanken shanu biyu, sun bar rijiya wuni guda don su ji ranar da ruwa zai dawo. Nafi'u ma ya zo, don an ce masa akwai shinkafa. Aka tada gurup saboda lasifika, hayaƙinsa ya bi ta kan sahun gaba.

Elhaji ya yi jawabin buɗe taro na rabin awa, sannan ya yage ambulan da kansa ya miƙa. Mushe Halidu ya sa tabarau, ya bi layukan farko da ido, ya cire tabarau.

"Elhaji," ya ce ƙasa-ƙasa, "mu ɗan shiga ciki in fara karanta maka."

"Mushe, ni ba na mulkin ɓoye. Karanta da ƙarfi, ka fassara wa jama'a."

Mushe Halidu ya yi shekara talatin yana karanta sakamakon jarrabawa a gaban iyaye. Ya san yadda ake karanta mummunan labari: murya ɗaya, ba a duban kowa.

"Sun ce wani babban kamfani daga ƙetare ya sayi kashi casa'in da bakwai cikin ɗari na Hantsi Enerji."

"Kun ji ko?" in ji Elhaji. "Har ƙetare an san abin da muka gina. Ci gaba."

"Sun ce saboda haka, ƙarshen watan nan za a cire sunan kamfanin daga burs. Ba za a ƙara saye ko sayar da hannun jarinsa a kasuwa ba."

Wata tsohuwa daga baya ta tambaya ko wannan ya shafi takardun jikanta. Aka ce ta yi shiru.

"Sun ce 'yan hannun jarin da suka rage, sabon kamfanin zai saye su duka a kan farashin da ya sayi sauran. Za a zuba wa kowa nasa a banki."

"To nan suka yi kuskure." Elhaji ya miƙe, ya karɓe lasifika. "Ku shaida, jama'a. Ban sayar ba. Ko sun cika wannan rumfa da zinariya, Na'Allah bai sayar ba. Rubuta musu haka, Mushe."

"Sun ce ba sai ka sa hannu ba, Elhaji."

"Ba sai na me ba?"

"Doka ta ba su. In mutum ya mallaki kusan duka, yana iya saye ragowar. An yi babban taro wata biyu da suka wuce, an amince."

"Ba ni a wurin aka amince?"

"Sun ce taron ya cika."

Gurup ya yi tari, ya ci gaba. Mushe Halidu, wanda bai saba barin takarda rabi ba, ya karanta sakin layi na ƙarshe, inda aka rubuta adadin hannun jarin Elhaji da na kamfanin duka, da baƙi da kuma lamba. Goma sha ɗaya. Cikin miliyan talatin.

A sahun gaba akwai Saminu, dillalin gero, wanda Allah ya yi wa saurin lissafi da rashin iya riƙe shi a ciki. Ya ɗan motsa leɓe, sannan ya ce, ba da wata mugunta ba, "Wato in kamfanin buhu uku ne na gero, Elhaji na da tsaba goma sha ɗaya."

Babu wanda ya yi dariya. Mutanen Dakoro na da tarbiyya, kuma ba a riga an raba shinkafa ba. Amma kafin la'asar sunan Aksiyoner ya kwanta, Sha-Ɗaya ya tashi.

Halimatu Sa'adiya ce ta miƙe.

"Mushe, fanfonmu fa? Ba su ce komai ba?"

Mushe Halidu ya juya takardar, ya duba bayanta, ya leƙa cikin ambulan. "Babu, Malama."

Daga can ƙarshen rumfa Nafi'u ya ɗago kai. "Wane fanfo?"

Ta faɗa masa ƙauyen. Ta faɗa masa kwanakin. Nafi'u ya dubi Elhaji, ya buɗe baki, ya tuna sa'an mahaifinsa ne, ya rufe. Ya ce mata gobe da sassafe yana can.

Ƙaramin mutum da a nan ya shige gida ya rufe ƙofa. Elhaji Na'Allah ba ƙaramin mutum ba ne. Kafin a kwashe kujeru ya riga ya gano ainihin abin da ya faru, ya kuma sanar da shi: shi ne ya ga shekaru sun ja, ya bar wa yara kamfanin, da riba. Abin da ya rage kawai shi ne ya miƙa ragama yadda ya kamata, kuma aikinsa na ƙarshe a kan mulki zai zama fanfon Korahane.

Nafi'u ya isa lambun rana na fitowa. Ya buɗe akwatin injin, ya tarar ɓera ya ci waya guda. Ya yanke, ya haɗa, ya naɗe. Ruwan shayin da aka ɗora masa bai tafasa ba fanfo ya yi gurnani, ya tofar da laka, sannan ruwa ya ɓalle cikin kwalbatin. Matan suka tsaya suna kallo. Halimatu Sa'adiya ta dubi fegin salatin da ya zama ƙasa, ta dubi wayar da Nafi'u ya yar, wadda ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. Sannan ta ce a fara da albasa, ita ce ke da sauran rai.

Da hantsi motar haya ta tsaya a bakin shinge. Elhaji ya fito cikin rigarsa mafi girma, shuɗiyar shadda mai aska tara, da laima a hannu. Ya ga ruwa na zuba, ya gyaɗa kai kamar wanda aka cika wa umarni. Ya nemi wuri mai tudu inda kowa zai gan shi. Akwai wata tsohuwar ganga daf da panon, aka kama shi ya hau, gwiwa na ƙara. Ya buɗe laima. Ya ware hannuwa.

"Matan Korahane! Na yi alkawari, na cika. Wannan ruwa da kuke gani, wasiƙa ce mai shafi uku. Yau zan sauka daga kujerar da na riƙe shekara uku ba dare ba rana, ban ci na kowa ba. Tarihi zai tambaya, wa ya kawo haske ƙasar Dakoro? Ba ni zan ba da amsa ba, don ni mutum ne mai kunya."

Yana cikin haka ruwan ya fara raguwa. Daga kaurin damtse ya koma kaurin yatsa, daga nan ya koma ɗigo. Gurnanin fanfon ya mutu. Matan da ke riƙe da bokitai suka dubi juna. Nafi'u ya ruga wurin akwatin, ya buɗe, ya taɓa wayar da ya haɗa, ya duba ta kusa da ita. Komai lafiya.

"Kun gani?" in ji Elhaji, cike da tausayin kansa. "Ko injin ya san wanda zai tafi."

Halimatu Sa'adiya ba ta dubi akwatin ba. Ta dubi panon, ta ga rabinsa ya yi duhu, da siffar laima da hannuwan riga biyu shimfiɗe a kai. Ta aje bokitinta, ta matso gindin gangar, ta ɗan rusuna yadda ya kamata a yi wa babba.

"Elhaji, don Allah ka ɗan gusa. Ka tare mana rana."

Aka kama shi ya sauko. Ƙafarsa ba ta gama taɓa ƙasa ba fanfo ya ɗauka, ruwa ya yi tsalle har ya jiƙa masa gefen shadda. Matan suka koma kan albasarsu.

A shekara ukun da Elhaji Na'Allah ya yi yana mallakar Hantsi Enerji, wannan ne karo ɗaya tak da aka tabbatar, a gaban shaidu talatin da huɗu, cewa aikin kamfanin ya dogara da inda ya tsaya.